Doka ta hana? A nuna min inda aka rubuta

A asibiti babu abin da ke kashe gardama nan take kamar wani ya ce "doka ta hana". Da an faɗa sai kowa ya yi tsit. Mara lafiya ya haƙura, ɗan uwansa ya koma benci ya zauna, likitan da ya yi niyyar taimakawa ya mayar da biro aljihu. Na daɗe ina aikin likita, na daɗe kuma ina koyar da na baya, kuma abin da na tabbatar shi ne yawancin abin da muke kira doka a wurin aikin nan babu majalisar da ta taɓa zama a kansa. Wani tsarin asibiti ne, wani sharaɗin kamfanin inshora ne, wani shawara ce da ƙwararru suka bayar, wani kuwa gado ne kawai, haka muka tarar ana yi.

An taɓa ƙirga abin. A 2016 wata cibiyar inganta aikin kiwon lafiya ta Amurka, wadda aka fi sani da IHI, ta sa asibitoci da cibiyoyin lafiya 24 su tambayi ma'aikatansu da majinyata wace ƙa'ida ɗaya za su so a soke domin jinya ta yi sauƙi. Aka tara ƙa'idoji 342. Da Donald Berwick na wannan cibiya da abokan aikinsa suka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar sama da kashi uku cikin huɗu suna hannun shugabannin asibitocin ne, in sun ga dama gobe da safe su soke su ba tare da neman izinin kowa ba. Wasu ma ba a rubuce suke a ko'ina ba. Mutane suna ta zagin gwamnati a kan abin da suka ɗaure kansu da shi.

Yadda irin wannan doka ke samuwa ba ɓoyayye ba ne. Wani abu ya faru, an kai ƙara ko an yi barazanar kaiwa. Lauyan asibiti, wanda damuwarsa ita ce kada a ci asibiti tara, ya ce a tsananta. Aka buga takarda aka manna a bango. Shekaru suka wuce, takardar ta yage, wanda ya rubuta ta ya yi ritaya, amma maganar ta zauna a bakin mutane har da ƙarin gishiri. In an yi rashin sa'a lokacin ya yi daidai da sayen sabuwar manhaja, sai a dasa ta a ciki, daga nan kwamfuta ce za ta ƙi buɗe maka shafi na gaba sai ka cike akwatin. Kuma kullum wajen tsanani abin ke karkata, domin da wuya ka ji an ba ma'aikaci takardar tuhuma don ya ce a'a. Wanda ya ce to shi ake kira ofis.

Mafi ban dariya a cikinsu shi ne na ruwan sha. A asibitocin Amurka da yawa an daɗe ana gaya wa ma'aikata cewa Joint Commission, hukumar da ke tantance asibitoci, ta haramta ajiye abin sha a teburin aiki. Abin da ke akwai shi ne ƙa'idar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta 1991, wadda ta hana ci da sha a wurin da ake iya cuɗanya da jini ko wani abu mai ɗauke da cuta, ta kuma bar wa asibiti ya tantance waɗanne wurare ne. Teburin da ake rubutu kawai a kansa ba lallai ya shiga ciki ba. Na sha ganin irin wannan: da an ji masu duba asibiti suna tafe, sai shugabar nas-nas ta bi tebur-tebur tana kwashe robobin ruwa tana cusawa a kabad, wadda ta kwana a tsaye ta wuni da ƙishirwa.

Wannan ƙishirwa ce kawai. Inda abin ke cin rai shi ne batun sirrin mara lafiya.

Wata rana a zagayen safe na tarar da wata matashiya a bakin ɗaki riƙe da leda cike da kwalayen magani. Mahaifinta ne kwance, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa harshe, yana ji yana ganewa amma magana ba ta fita sosai. Ita ke ba shi magani, ita ke juya shi, ita za ta tafi gida da shi. Ta tambayi ƙaramin likita wanne daga cikin tsofaffin magungunan za a ci gaba da sha, wanne aka dakatar. Ya ce mata ba ya tattauna bayanin majinyaci da wani sai da izini a rubuce. Na ja shi gefe na tambaye shi inda ya samo wannan. Ya ce, "Ranki ya daɗe, haka aka koya mana, sirrin mara lafiya ne." Muka koma bakin gadon, na sunkuya na ce, "Baba, in yi wa 'yarka bayanin magungunanka?" Dattijon ya gyaɗa kai, har ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna ta. Izinin ke nan, sai a rubuta a fayil cewa ya bayar. Da muka zazzage ledar a kan tebur, akwai maganin tsinka jini iri biyu a ciki, tsohon da aka dakatar da sabon da muka fara, kuma niyyarta ta ba shi duka.

Yaron ba mugu ba ne, tsoro aka koya masa. Dokar da aka fi tsorata likitoci da ita a duniya a kan wannan batu ita ce HIPAA ta Amurka, wadda aka kafa a 1996, ƙa'idojinta na sirri kuma suka fara aiki a 2003. Wanda ya karanta ta zai ga ta yarda likita ya yi magana da dangin da ke cikin hidimar jinya matuƙar majinyacin bai hana ba. In kuma ba ya cikin hayyacinsa, ta bar wa likita ya duba abin da ya fi masa amfani. Ta yarda likita ya aika wa wani likita bayani domin magani ba tare da majinyaci ya sa hannu ba. Ta yarda a kira sunan mutum a ɗakin jira. Duk da haka har gobe akwai asibitin da zai ƙi gaya wa likitan gaggawa na wani asibiti maganin da mutum yake sha, wai sai an turo takarda, alhali mutumin yana can a sume. Lokacin korona abin ya kai ga mutane suna cewa duk mai shago ko mai kamfanin da ya tambaye su ko sun yi rigakafi ya karya HIPAA, bayan dokar ba ta hau kan kowa ba sai masu ba da magani da kamfanonin inshorar lafiya da waɗanda ke yi musu aiki.

A Birtaniya ma haka aka yi ta fama. Kwamitin Fiona Caldicott ya fitar da ƙa'idoji shida na tsare bayanan majinyata a 1997. Da aka sake dubawa a 2013 sai aka ga ma'aikata sun mayar da su mafaka, ana ƙin ba da bayani ko da ran mutum ya dogara a kansa, dole aka ƙara ta bakwai, wadda ke cewa wajibcin isar da bayani yana iya kai wajibcin ɓoye shi muhimmanci. Da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018 sai aka sake sabon ruɗani, ana cewa sai majinyaci ya sa hannu kafin a rubuta komai a kansa, alhali dokar ta ware amfani da bayanai domin jinya a matsayin hujja mai zaman kanta.

Abin haushin shi ne inda ake tona asirin da gaske ba mai ɗaga murya. Hoton ƙafar majinyaci a zauren WhatsApp na abokan karatu, da fuskarsa a gefe. Hira a farfajiya ana ambaton suna da cuta. Ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin maƙwabciyarsa don ya ga me ya kawo ta. Waɗannan su ne laifin, kuma sau da yawa mai yinsu shi ne wanda zai hana 'ya sanin maganin mahaifinta.

Sai batun gaggawa da 'yan sanda, wanda ya fi kowanne kisa. A Indiya wani mai fafutukar haƙƙin ɗan adam, Parmanand Katara, ya karanta labarin wani mai babur da mota ta buge. Wani mai wucewa ya kai shi asibiti mafi kusa, aka ce ba a karɓar irin wannan sai a wani asibiti mai nisan kilomita 20 da aka ba izinin duba abin da ya shafi shari'a. Kafin a isa ya cika. Katara ya kai ƙara, kuma a 1989 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci cewa kowane likita, na gwamnati ko mai zaman kansa, wajibi ne ya fara ceton rai, maganar 'yan sanda ta biyo baya. Amurka ta kafa dokar kulawar gaggawa ta EMTALA a 1986, wadda ta tilasta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin inshorar gwamnati su duba duk wanda ya zo sashen gaggawa, su daidaita shi, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. A Najeriya dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ta 2017 kuma ta ce a karɓi wanda aka harba ko da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da jiran kuɗin ajiya ba, sannan asibiti ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara magani. A duk inda doka ta ce a kai rahoto, nauyi ne a kan asibiti bayan an tsayar da jini. Ba sharaɗi ba ne a kan wanda jininsa ke zuba.

Ba zan yi kamar ban san dalilin tsoron ba. Likitan da aka taɓa tsarewa ana yi masa tambayoyi don ya cire harsashi ba zai manta ba, haka asibitin da ya yi aiki ba wanda ya biya. Waɗannan matsaloli ne na gaske kuma sun cancanci a yi musu ihu. Amma a kira su da sunansu. A ce muna tsoron a wulaƙanta mu, a ce ba mu san wa zai biya ba. Da zarar an ce doka ce, an rufe ƙofar gyara, domin ba wanda zai je ya gyara dokar da tuni ta faɗi akasin abin da ake yi.

Haka likitoci ke gudun tsayawa a wurin haɗari a hanya ko amsa kira a cikin jirgin sama, wai kada a kai su ƙara. Kalifoniya ta kafa dokar kare mai taimako tun 1959, sauran jihohin Amurka suka bi, a 1998 kuma aka yi ta jiragen sama. A Faransa da Jamus ma wucewar ce laifi.

Maganin ciwo shi ne inda na fi ganin yadda shawara ke rikiɗa ta zama doka, kuma ya faru ta fuska biyu. A tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar masana ciwo ta Amurka ta fito da kiran a riƙa auna ciwo kamar yadda ake auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini da numfashi. Joint Commission ta fitar da ƙa'idojin kula da ciwo a 2001. A bakin ma'aikata sai abin ya koma cewa hukuma ta wajabta a tambayi kowa maki nawa ciwonsa ya kai, a kuma ba shi magani mai ƙarfi irin su mofin, masu kashe raɗaɗi amma masu sa jaraba, har makin ya sauka. Kamfanonin magani suka samu abin da suke so. Daga baya hukumar ta fito ta ce ba ta taɓa wajabta ba da irin waɗannan magunguna ba, amma a lokacin jaraba ta riga ta ci mutane masu yawa.

Sai aka juya. A 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da jagora ga likitocin farko, inda ta ba da shawarar a guji kai adadin maganin abin da ya yi daidai da miligiram 90 na mofin a rana, ko kuma a kawo hujja mai ƙarfi in za a kai. Shawara ce, kuma ta fito fili ta ce ba ta shafi masu jinyar cutar kansa ko waɗanda ke ƙarshen rayuwa ba. Jihohi da kamfanonin inshora da shagunan magani suka ɗauki lambar suka mayar da ita katanga. Aka riƙa yanke wa mutanen da suka shekara da shekaru a kan magani nasu kwatsam, har da masu kansa. Garin gyaran gira aka rasa ido. A 2019 waɗanda suka rubuta jagoran da kansu suka fito suka ce an yi masa mummunar fahimta, hukumar kula da magunguna ta yi gargaɗi a kan yanke magani farat ɗaya, a 2022 kuma aka sake rubuta shi aka cire lambobin daga cikin ainihin shawarwarin.

A yawancin duniya kuwa matsalar ba yawan mofin ba ce, rashinsa ne, kuma a nan ma "doka ta hana" ke aiki. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1961 a kan miyagun ƙwayoyi, wadda ake jingina tsananin da ita, tun a gabatarwarta ta ce amfani da waɗannan magunguna wajen rage raɗaɗi abu ne da ba makawa, kuma dole a tanade su. Mofin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977. Indiya, wadda ke noman abin da ake yinsa da shi, ta kafa doka mai tsanani a 1985 da ta sa asibitoci suka daina ajiye shi don gudun wahalar lasisi, sai a 2014 aka sassauta. Yuganda kuwa tun 2004 ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. Na ga mace da kansa ta ci mata ƙashi tana cizon zanin gado, mofin yana kulle a kabad, ma'aikacin dare yana cewa ba a bayarwa sai babban likita ya zo da kansa. Ƙa'idar da ke rubuce ba ta wuce a kulle shi, a rubuta a littafi, wani ya shaida ba.

Akwai wata ƙarya da ake yi wa majinyacin da ya ce zai tafi gida kafin a sallame shi: wai in ya fita inshora ba za ta biya ba. Likitoci a Jami'ar Shikago sun bi bayanan kusan shekara goma, suka wallafa a 2012, ba su samu ko mutum ɗaya da aka ƙi biya wa saboda wannan dalili ba. Amma yawancin likitoci masu neman ƙwarewa da suka tambaya sun gaskata haka, wasu ma suna gaya wa majinyata. 'Yar uwarta ita ce cewa wanda ya tafi da kansa ba a rubuta masa magani, ba a ba shi ranar dawowa. Babu inda aka ce haka. Mutumin da ke cikin hankalinsa yana da ikon ƙin magani, kuma shi ya fi kowa buƙatar a haɗa shi da abin da zai sha da bayanin alamun da za su sa ya dawo da gudu. Hana shi fushi ne kawai aka sa wa rigar doka.

Duk waɗannan na tsoron abin da doka ba ta hana ba ne. Akwai kuma na dogaro da kariyar da doka ba ta bayar ba, kuma babbansu shi ne takardar amincewa da tiyata. Likitoci da yawa sun ɗauka in an sa hannu an gama. Sa hannu shaida ce cewa an yi magana, ba ita ce maganar ba. Tun daga shari'ar Bolam ta 1957 a Ingila likita yakan tsira in ya nuna cewa wasu likitocin kirki ma haka za su yi. A Ostireliya an bar wannan a fannin bayani tun 1992, a shari'ar wata mata da aka yi wa aiki a idonta da ba ya gani sosai, mai lafiyar ya mutu, ba a kuma gaya mata akwai wannan haɗari ba saboda ɗaya ne cikin 14,000. Kotu ta ce ga mai ido ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Birtaniya ta biyo baya a 2015 da shari'ar Nadine Montgomery, mace mai ƙaramin jiki mai ciwon suga, ɗauke da babban jariri. Haɗarin kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa ya kai kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari, likitarta ba ta faɗa mata ba don tana ganin in an faɗa za ta zaɓi a yi mata aiki. Kafaɗar ta maƙale, yaron ya samu naƙasa a ƙwaƙwalwa. Kotun Ƙoli ta ce abin lura shi ne haɗarin da mai hankali a matsayin majinyacin zai ɗauka da muhimmanci, ba wanda likitoci suka saba faɗa ba. Takardar da aka miƙa wa mutum yana kan gadon turawa, an riga an sa masa hular tiyata, ba za ta tsaya wa kowa a kotu ba.

Ita ma "kada ka taɓa ba da haƙuri, amsa laifi ne" ta tsufa. Dokar diyya ta 2006 a Ingila da Wales ta ce ba da haƙuri shi kaɗai ba amsa sakaci ba ne, daga 2014 kuma aka wajabta wa asibitocin gwamnatin Ingila su gaya wa majinyaci gaskiya in an cutar da shi. Asibitin Jami'ar Mishigan ya fara tsarin faɗin gaskiya da tayin diyya a 2001, binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna ƙararraki sun ragu, kuɗin shari'a ma haka. A nan dai sai an yi hattara, domin a jihohin Amurka da yawa jajantawa kawai doka ta kare, ban da cewa "ni na yi kuskure". Sai kowa ya karanta ta wurin da yake aiki. Amma abin da na gani shi ne dangi sun fi zuwa wurin lauya in aka riƙa kauce musu a farfajiya.

Su ma majinyata suna da nasu. In likitoci sun shiga yajin aiki ko sun nemi haƙƙinsu, sai a ce ai sun yi rantsuwar Hifokratis, tsohuwar rantsuwar likitoci ta zamanin Girkawa. Rantsuwar ba doka ba ce a ko'ina, kuma makarantu da yawa ba ita ake karantawa ba, sanarwar Jeneba ce, alkawarin da ƙungiyar likitoci ta duniya ta tsara a 1948, ko wani abu mai kama da ita. A gyaran da aka yi wa sanarwar a 2017 har an ƙara alkawarin cewa likita zai kula da lafiyar kansa. Abin da ke ɗaure likita shi ne dokar ƙasa da ƙa'idojin hukumar da ta ba shi lasisi.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ina kira a yi watsi da ƙa'ida. Wasu da rayuka aka saye su. An janye ruwan fotashiyam mai ƙarfi daga kabad ɗin ɗakunan jinya ne domin an sha kuskuren ɗura shi kai tsaye a jijiya zuciya ta tsaya. Maganin kansa na binkiristin, in aka yi kuskuren sa shi a laka maimakon jijiya, kusan kullum kisa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2007 a riƙa haɗa shi a ƙaramar jakar ƙarin ruwa, ba a sirinji ba. Jerin tambayoyin da ake karantawa kafin tiyata, wanda manyan likitoci suka rena da farko, an gwada shi a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-mace suka sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, kamar yadda aka wallafa a 2009. Irin waɗannan in ka tambayi dalilinsu nan take za a gaya maka. Na bogi ne ake amsa maka da "haka ake yi". Kuma cutar da na bogi ke yi ita ce suna gajiyar da ma'aikaci har ya daina bambancewa, ya riƙa cike kowane akwati da ido rufe, har da wanda zai ceci rai.

Abin da nake koya wa ɗalibaina bai fi tambaya ba, cikin ladabi: a ina aka rubuta, wa ya rubuta, kuma umarni ne ko shawara? In doka ce a bi, in ba ta da kyau a nemi gyara ta hanyar ƙungiya. In tsarin asibiti ne, akwai mutum mai suna da ofis da zai iya canza shi. Ba kowa ke son tambayar ba, na sani, musamman in ƙarami ne ya yi wa babba. Shi ya sa nauyin ya fi hawa kanmu manya.

Wani rukunin asibitoci a Hawai ya gwada tambayar ma'aikatansa su kawo duk abin da suke cikewa a kwamfuta wanda ba shi da amfani, kamar yadda Dakta Melinda Ashton ta bayyana a 2018. Wata nas mai kula da matasa ta nemi a cire layin duba cibiya. Ashe don jarirai sabbin haihuwa aka sa shi, aka manta ba a saita ya ɓace ga manya ba, shekaru ana cikewa ba wanda ya tanka.

Rubutun fayil shi ne inda likita ya fi ɓata ransa. Wani bincike na 2016 a Amurka ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi da majinyaci yakan yi kusan biyu a kan kwamfuta da takardu, wani na 2018 kuma ya nuna rubutun likitocin ƙasar ya ninka na takwarorinsu na wasu ƙasashe masu amfani da manhaja iri ɗaya kusan sau huɗu. A nan akwai dokar gaske a gindin abin: ƙa'idojin biyan kuɗi na 1995 da 1997 sun sa ana biyan likita gwargwadon yawan gaɓoɓin da ya rubuta ya tambaya ko ya duba. An sassauta su mataki-mataki. Aka yarda babban likita ya tabbatar da rubutun ɗalibi ba sai ya sake ba, aka yarda ba sai ya maimaita abin da nas ta riga ta shigar ba, daga Janairun 2021 kuma aka daina ƙirga gaɓoɓin a duba marasa lafiya na waje. Da masu bincike suka koma suka auna tsawon rubutun bayan canjin, kusan bai motsa ba. Samfurin da ke cikin kwamfuta yana nan yadda yake, ofishin lissafi bai daina tsoron masu binciken kuɗi ba, likitoci da yawa kuma ba su ma ji an canza ba. Sai an samu wani a kowane asibiti da zai shiga manhajar ya goge layukan da hannunsa, ya kuma yarda a rubuta cewa shi ya goge.